Ramin da Ya Zama Garkuwa: Tarihin Fatar Alminiyum

A dandalin Piccadilly da ke tsakiyar birnin Landan akwai wani gunki mai fukafukai da aka kafa a shekarar 1893, an zuba shi da alminiyum tun ƙarfen yana baƙo a kasuwa. A birnin Roma kuma akwai cocin San Gioacchino, wanda aka rufe ƙubbarsa da fallayen alminiyum a 1897. An sha yi wa gunkin gyara, amma hayaƙin gawayi da ruwan saman Landan na fiye da shekara ɗari ba su cinye shi ba, ƙubbar nan ma tana nan. Dalili shi ne alminiyum yana yi wa kansa riga. Da zarar iska ta taɓa sabon yanka, iskar oksijin takan haɗu da ƙarfen ta haifar da wata fata wadda kaurinta bai wuce nanomita biyu zuwa huɗu ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Tsatsar baƙin ƙarfe kumbura take yi ta ɓare, ta buɗe wa ruwa hanya zuwa ciki. Ta alminiyum manne take, ba ta barin komai ya wuce, in an karce ta kuma nan take ta sake tohowa. To in haka ne, me ya kawo masana'anta guda wadda aikinta kawai kare wannan ƙarfe?

Abin da ya kawo ta shi ne tsantsar alminiyum ba shi da ƙwari. Bayan Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa sun gano hanyar fitar da shi da lantarki a 1886, ƙarfen ya yi araha, amma ba wanda zai gina abin da zai ɗauki nauyi da shi. A 1906 wani Bajamushe, Alfred Wilm, ya lura cewa in an gauraya alminiyum da jan ƙarfe kamar kashi huɗu cikin ɗari, aka gasa aka tsoma a ruwa, aka bar shi 'yan kwanaki, yakan yi tauri da kansa. Wannan gauraye shi ne duralumin, wanda aka yi ƙashin jiragen Zeppelin da shi, kamfanin Junkers kuma ya fara lulluɓe jiragensa da shi lokacin yaƙin duniya na farko. Sai dai jan ƙarfen da ya kawo ƙarfi shi ya kawo ciwo. Yakan taru ƙwaya-ƙwaya a jikin ƙarfen, kowace ƙwaya ta zama kamar kan batir, alminiyum ɗin da ke kewaye da ita ya zama ɗaya kan. In ruwan gishiri ya sauka a wurin, da'ira ta cika, ƙarfen ya fara cin kansa daga ciki, yana bin iyakokin ƙwayoyinsa, har falle ya ruɓe alhali fuskarsa ba ta nuna komai sosai ba. Jiragen da ke sauka a kan teku su suka fi shan wannan wahala, don haka ba abin mamaki ba ne da maganin farko ya fito daga tsibirin da sojan ruwansa suka fi na kowa. A 1923 Guy Bengough da John Stuart suka yi rajistar hanyarsu a Ingila: a tsoma duralumin cikin asid ɗin kiromiyum, a haɗa shi da kan fositif na lantarki, a tilasta wa fatar nan ta halitta ta yi kauri sau ɗaruruwa. Wannan aiki shi ake kira anodayizin. Amurkawa sun bi wata hanya a 1927, inda Edgar Dix na kamfanin Alcoa ya matse siririn fallen tsantsar alminiyum a kan mai gauraye, aka sa masa suna Alclad, har yau kuma da shi ake rufe jikin jirage da yawa.

Hujjar wannan rubutu ita ce, duk wani ci gaba na gaske da aka samu a anodayizin tun 1923 ya fito ne daga koyon sarrafa abin da aka fara ɗauka a matsayin aibinsa, wato ramuka. Fatar da ake ginawa a cikin asid ba toshe take ba, cike take da ƙananan ramuka da suka miƙe daga sama har kusa da ƙarfen. A ido wannan kasawa ce, don garkuwa mai huda ba garkuwa ba ce. Amma in babu ramin, fatar ba za ta yi kauri ba sam. Ita fatar ba ta wuce da lantarki, saboda haka in an gina ta a ruwan da ba ya narkar da ita, tana kai wani ɗan kauri sai ta toshe wa kanta hanya, wuta ta tsaya, girma ya tsaya. Irin wannan fata marar rami tana da amfaninta, ita ce ke cikin kafasito na rediyo da caja, wanda Karol Pollak ya yi rajistar dabararsa tun 1896, amma ba ta kai maikiromita ɗaya ba, wato nanomita dubu, farce ma zai iya ji mata. A cikin asid kuwa, ruwan yana kutsawa ta ramukan, wuta tana ci gaba da isa ƙasa, sabuwar fata tana tohowa daga gindi tana tura tsohuwa sama. Ramin shi ne hanyar abinci. Tambayar da ta rage wa masana tsawon ƙarni guda ita ce me za a yi da shi bayan ya gama aikinsa.

Amsar farko daga Japan ta zo. A cibiyar bincike ta Riken da ke Tokyo an fara aiki da asid ɗin okzalik tun 1923, da niyyar samun waya mai rufin da ba ya ƙonewa. A ƙarshen shekarun 1920 Akira Miyata ya gano cewa in fatar ta sha tururi ko tafasasshen ruwa, bangon ramukan yakan sha ruwan ya kumbura har bakin ya rufe. Da wannan ɗan mataki fata mai tsotse datti da gumi ta koma santsi mai jure ruwa. Suka sa wa kayan suna Alumite, sunan ya bi butocin shayi da akwatunan abincin 'yan makaranta ya shiga kowane gida a ƙasar. Jamusawa suka ɗauki hanyar okzalik ɗin suka kira ta Eloxal. A ganina wannan toshewa ta fi ita kanta rajistar 1923 muhimmanci ga talakan mai saye, domin ita ta fitar da anodayizin daga rumfar jiragen soja zuwa kicin da tagar gida.

A 1927 Gower da O'Brien suka yi rajistar aiki da asid ɗin salfa a Ingila, wato dangin ruwan batirin mota, shi ne kuma ya mamaye sana'ar har yau saboda araha da kuma fatarsa mai haske kamar gilashi. Wanda ya leƙa masana'antar zai ga jerin dogayen tankuna da ƙugiya mai yawo a sama. Ana ɗaure kayan a kan maratayi na titaniyum ko na alminiyum, a matse sosai don wuta ta shiga. A fara da wanke maiƙo, sai a tsoma a ruwan soda mai ɗumi, inda ƙarfen ke kumfa yana zubar da tsohuwar fatarsa, ya fito da wani baƙin toka-toka na ragowar gauraye wanda ake cirewa da wani asid. Tsakanin kowace tanki da ta gaba akwai ɗauraya. Sannan babbar tanki: asid kamar kashi goma sha biyar zuwa ashirin cikin ɗari, zafi kusan digiri 20, wuta bolt goma sha biyar ko sama kaɗan, injin sanyaya yana aiki ba tsayawa don aikin kansa zafi yake haifarwa. Bayan rabin awa zuwa awa guda kayan ya fito kusan yadda ya shiga a ido, amma in aka taɓa shi da yatsa shaidar ba za ta goge ba, don ramukan a buɗe suke suna jiran abin sha. A wannan lokaci ake tsoma shi a rini, ja ko shuɗi ko ruwan zinariya, rinin ya gangara cikin ramukan, a kai shi tafasasshen ruwa a rufe a kansa. Launin yana cikin fatar, shi ya sa ba ya ɓarewa. In mutum ya duba kowane irin kaya da kyau, a wani lungu zai ga ɗan tabo fari inda maratayin ya riƙe, wurin da fata ba ta fito ba. Gwanintar ma'aikaci ita ce ya ɓoye tabon inda ido ba ya zuwa.

Duk wannan an yi shi ne shekara talatin ba tare da an san ainihin siffar ramin ba. Sai a 1953 Keller da Hunter da Robinson, masu bincike a Alcoa, suka yi amfani da madubin ilektiron suka bayyana siffar: ɗakuna masu kusurwa shida jere kamar saƙar zuma, kowane da rami ɗaya a tsakiya, a gindin kowane kuma akwai siririn bango da ya raba ramin da ƙarfen. Suka kuma nuna cewa girman ɗakin yana bin ƙarfin wutar. Aikin da O'Sullivan da Wood suka buga daga Manchester a 1970 ya ƙara daidaita lissafin: kowane bolt yana ba da kamar nanomita ɗaya na kaurin bangon gindi, da kamar biyu da rabi na faɗin ɗaki. A asid ɗin salfa faɗin rami bai cika wuce nanomita ashirin ba, akwai biliyoyinsu a fili mai girman farce. Daga nan sana'ar ta tashi daga gwada-ka-gani. Mai aiki ya san cewa da bolt da zafi da irin asid zai iya yanka ramin daidai da bukatarsa.

Masu gine-gine bukatarsu launin da rana ba ta kashewa, rini kuwa komai kyansa yana kodewa a bango. Wani Ba'italiye mai suna Caboni ya kawo shawara a 1936, Tahei Asada na Japan ya mayar da ita sana'a a shekarun 1960: maimakon rini, a tsoma kayan a ruwan gishirin ƙarfe, na nikel ko na kuza, a sa wuta mai kai-komo, ƙarfen ya kwanta a gindin kowane rami. Kaɗan ya ba da ruwan ƙasa mai haske, in an ƙara ya koma ruwan tagulla, in an cika ya zama baƙi ƙirin. Shekarun 1960 da 1970 su ne zamanin wannan kalar a tagogin ofisoshin duniya, dogon benen Sears na Chicago ma, wanda ya riƙe kambin tsawo fiye da shekara ashirin, baƙin alminiyum ne rigarsa.

Injiniyoyin inji kuma rami ƙarami suke so. Tun ƙarshen shekarun 1940 aka gano, a Amurka da Tarayyar Sobiyet, cewa in an sanyaya tankin zuwa kusa da daskarewa aka ƙara wuta, asid ɗin ba ya samun damar cin bangon ramin, fatar ta fito a cushe, kaurinta ya kai maikiromita hamsin, taurinta ya kusanci na ƙarfen da aka gasa. Da ita ake kare fistin da silindar haidirolik da jikin bindigar M16, daga baya kamfanin da ya fito da tukwanen Calphalon ya kai ta kicin a 1968. Nan ma akwai farashi. Fatar dutse ce a kan ƙarfe mai lanƙwasa. Rabinta ta ci cikin ƙarfen, rabi ta taso sama, don haka sai an yi lissafinta tun wajen yanka. In zafi ya haura digiri 80 ƙarfen yakan buɗe fiye da fatar, ta yi tsaga-tsaga. Mafi muni, a sashen da ke shan lanƙwasa dare da rana, tsagar fatar na iya zama mafarin tsagar ƙarfen. Shi ya sa masu ƙera jirage suka daɗe suna riƙe da siririyar fatar kiromiyum ta Bengough ga sassan da ke ɗauke da nauyi. Wanda ya ɗauka kauri shi ne ci gaba bai fahimci tarihin ba.

Akwai kuma masu son rami a hangame. Manna fallayen jirgi da gam ya fi huda su da dubban ƙusoshi sauƙin nauyi, amma gam ba ya riƙe alminiyum da kyau in danshi ya shiga tsakani. A shekarun 1970 kamfanin Boeing ya fito da anodayizin da asid ɗin fosforik, mai ba da manyan ramuka masu gashi-gashi a baki, waɗanda gam ke shiga ya kafe, ba a kuma toshe su ko kaɗan. Abin da ke faruwa in mannen ya saki an gan shi ranar 28 ga Afrilu 1988, lokacin da wani Boeing 737 na kamfanin Aloha, ƙirar 1969, ya rasa rufinsa mai tsawon mita biyar da rabi a sararin Hawai, ma'aikaciya ɗaya ta rasu. Bincike ya nuna tsohon mannen sanyi na mahaɗar fallayen ya saki, iskar teku ta shiga, nauyi ya koma kan ƙusoshi, tsaga ta bi layinsu bayan sauka da tashi kusan dubu casa'in.

Mai ja zai ce ai fenti ya riga ya ci wannan yaƙi. Tun da aka fito da fentin Kynar 500 a 1965, fentin gari da ake fesawa da lantarki a gasa kuma ya bazu, yawancin tagogi da ƙofofin alminiyum fenti ne a jikinsu. Gaskiya ne, dalilansa kuma masu ƙarfi ne: fenti yana ba da kowace kala har da fari sol, wanda anodayizin ya kasa bayarwa domin ƙwayar farin launi ta fi bakin ramin girma; yana rufe karce da tabon injin; yana jure siminti da farar ƙasa, waɗanda ke cin fatar alminiyum in sun fantsama a wurin gini. Amma fenti ba ya zama a kan alminiyum tsirara, dole a fara sauya fuskar ƙarfen da wani sinadari. Lokacin da wata tsatsa mai rarrafe kamar zare a ƙarƙashin fenti ta addabi gine-ginen bakin teku a arewacin Turai, ɗaya daga cikin magungunan da suka fi aiki shi ne a yi siririn anodayizin marar toshewa kafin a fesa fentin. Ramin bai bar fagen ba, ya koma ƙarƙashi ne. A wayoyi da kwamfutoci kuma, inda hannu ke shafa ƙarfe kullum, kasuwar ta dawo: iPod mini na 2004 da launukansa rini ne a rami. Kukan da masu baƙar iPhone 5 suka yi a 2012 kan farin karce a gefuna ya nuna iyakar abin: komai taurin fata, in ƙarfen da ke ƙasa ya lotsa za ta fashe.

Wannan iyaka ta shafi tukunyar sanholo da maƙera ke zubawa a kasuwannin ƙasar Hausa da maƙwabta daga tsofaffin gwangwanaye da kan injin mota. Irin wannan gauraye yana da silikon da yawa, silikon kuwa ba ya karɓar anodayizin da kyau, fatar takan fito duhu da gurbi-gurbi. Binciken da aka buga a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya sami dalma tana fita daga wasunsu zuwa ruwan dahuwa. Fatar alminiyum, ta halitta ko ta lantarki, ba ta kuma jure abu mai kaifin kanwa ko ruwan toka, kamar yadda ba ta jure tsami mai yawa. Gyaran wannan matsala yana farawa ne daga abin da aka jefa cikin tukunyar narki.

A 1995 Hideki Masuda da Kenji Fukuda suka nuna cewa in an yi anodayizin na dogon lokaci, ramukan kan jeru da kansu ba karkata. Daga nan wasu masu bincike suka daina damuwa da kare ƙarfen gaba ɗaya, suka mayar da fatar matata da kuma mazubin ƙera wayoyi masu sirantar nanomita. A ɗaya gefen akwai hanyar da aka raya a Tarayyar Sobiyet tun shekarun 1970, inda ake tura ɗaruruwan bolt har tartsatsi ya riƙa fasa fatar yana narkar da ita zuwa dutse mai tauri ƙwarai. Tana cin wuta da yawa, shi ya sa ta tsaya a kayan musamman.

Jayayyar da ta fi nauyi ita ce ta kiromiyum, a nan kuma dole a sassauta hujjar. Kiromiyum mai daraja shida, wanda ke cikin asid ɗin Bengough da cikin ruwan ɗorawa na Alodine da ake sauya fuskar ƙarfe da shi kafin fenti, da cikin firama, wato fentin shimfiɗa na jirage, yana yin abin da siffar rami kaɗai ba ta yi. In an karce fuskar, ɗan danshi yakan narkar da kiromiyum daga gefe ya kai shi kan ciwon, ya kwanta a kan ƙwayoyin jan ƙarfen nan ya kashe batirin. Wannan aikin sinadari ne, ba na gini ba. Kuma guba ne: yana haddasa sankarar huhu ga masu shaƙarsa, yana cin ƙashin hancin ma'aikatan tanki, hukumar binciken sankara ta duniya ta sa shi a rukunin farko. Tarayyar Turai ta hana shi a kayan lantarki daga 2006, a motoci daga 2007, daga 21 ga Satumba 2017 kuma ba mai amfani da babban sinadarinsa sai da izini na musamman. Boeing ya fito da haɗin asid ɗin borik da salfa wajen 1990, Airbus ya koma haɗin tartarik da salfa, sojan ruwan Amurka suka raya wanka da kiromiyum mai daraja uku, wanda gubarsa ba ta kai ta wancan ba, masu bincike a Ostireliya kuma suka fara gwada gishirin seriyum tun shekarun 1980. Duk da haka, in aka duba yadda waɗannan magadan ke aiki, za a ga sun koma ga rami: ana gina fata siririya don kada ta raunana ƙarfen, a bar ramukan su kama firama, ko a cusa musu maganin tsatsa da zai fito sannu a hankali ranar da aka ji wa fuskar ciwo. Ana ƙoƙarin sa ramin ya zama rumbun abin da kiromiyum ke bayarwa kyauta.

An yi nisa a tankin anodayizin, amma a firamar da ke cikin tankin man jirgi da lungunan da ba a buɗewa sai bayan shekaru, masana'antar jirage ta ci gaba da neman izinin riƙe tsohon sinadarin bayan 2017. Wasu na ganin jan ƙafa ne don gudun kashe kuɗi, kuma ba za a rasa ƙamshin gaskiya a ciki ba. Amma akwai matsalar auna abin da bai faru ba tukuna. Ƙa'idar sojan Amurka ta anodayizin tana neman falle ya jure awa 336 a akwatin feshin gishiri, wato mako biyu, jirgin fasinja kuwa ana sa ran zai yi shekara talatin yana hawa cikin sanyi yana sauka cikin danshi. Kiromiyum yana da shaidar jirage na shekara kusan ɗari da aka kwance aka duba, magadansa mafi tsufa kuma yanzu ne jiragen farko da suka ɗauke su ke kaiwa shekarun da za a kwance su.